Risala Kan Ilimin Ɓad da Kamar Talotalo

Ka sani, ya kai mai neman ilimi, cewa a ƙasar Amurka akwai wata Alhamis, ta huɗu a watan Nuwamba, da suke kira Ranar Godiya. Shugaba Abraham Linkon ne ya shelanta ta ga ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, daga baya majalisar dokoki ta kafe ta a Alhamis ta huɗu a 1941. A ranar dangi kan taru, a gasa talotalo guda sukutum, a zauna a ci har numfashi ya yi wuya. Ƙungiyar masu kiwon talotalo ta ƙasar ta ƙiyasta cewa kimanin miliyan 46 ne ke shiga tanderu saboda wannan yini ɗaya. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan Alhamis ɗin. Wannan risala kuwa ta Juma'a ce, da Asabar, da Lahadi, lokacin da baƙi sun watse, godiya ta ƙare, talotalo bai ƙare ba.

Mu fara da asalin musibar. Mutanen Meziko ne suka fara kiwon wannan tsuntsu, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, kuma a lokacin tsuntsu ne mai hankali da matsakaicin jiki. Wanda ake kiwo yau a jihar Minesota, wadda ta fi kowace jiha yawan talotalo, fari ne mai faɗin ƙirji. An yi ta zaɓen iri ana ƙara masa ƙirji har ya kai ba ya iya tashi sama, ba ya ma iya barbara sai ma'aikata sun taimaka. Ƙa'idar masu girki ita ce a ware wa kowane baƙo rabin kilo ko fiye. Uwargida, don gudun abin kunya, sai ta lissafa har da waɗanda ba su ce za su zo ba, ta sayo mai kilo 7 ko 8. Da yake a daskare ake sayar da shi, kowane kilo 2 na bukatar kwana guda a firji kafin ya saki, don haka tsuntsun kan mamaye firjin kwana uku ko huɗu kafin biki, ya dawo ya sake mamaye shi bayan biki. A kan teburin kuma akwai dakakken dankalin turawa, da romo mai kauri, da cushen burodi da albasa, da gasasshiyar kabewa mai zaƙi. Kowa ya cika ciki da waɗannan, ya yaba talotalo da baki, ya bar rabinsa a tire.

Mai layya ya san maganin irin wannan: a raba wa maƙwabta da mabukata, sauran a soye shi ƙayau ya yi watanni. Ba'amurke ba shi da wannan mafita, domin maƙwabcin da zai kai wa shi ma yana tsaye gaban firjinsa yana kallon nasa rabin.

Mafi girman ragowar da ake ba da labari ita ce ta kamfanin Swanson a 1953. An ce bayan biki sun tashi da tan 260 na talotalo da ba a saya ba, suna jibge a taragun jirgin ƙasa masu sanyi. Sai suka yayyanka shi, suka zuba a ƙananan tire na alminiyom mai gida-gida, tare da cushe da wake da dankali, suka daskarar, suka sayar a kan santi 98 a matsayin abincin ci gaban talabijin. Masu tarihi na jayayya kan wanda ya fara kawo dabarar, mu ba wannan ne ya dame mu ba. Abin lura shi ne hanyar: babu wanda ya so tan 260, amma da aka gutsuttsura shi aka canza masa mazubi, sai jama'a suka yi layi. Duk wannan fanni a kan wannan ginshiƙi yake.

Bayaninsa shi ne, ido yana riga ciki gajiya. Maigidan da ya ci talotalo daren Alhamis, idan aka ajiye masa faranti na ɗumamensa ranar Juma'a, zai ce ba ya jin yunwa. Idan aka kawo masa naman nan dai, an rarraba shi loma-loma, kowace da tsinke a soke, yana zaune yana kallon ƙwallo, zai cinye fiye da abin da ke farantin, ya kuma tambayi ko akwai saura. Faranti yana da farko yana da ƙarshe, mutum yana ganin abin da ya ci. Loma ba ta da lissafi. Ba a taɓa samun wanda ya tashi daga gaban tiren maƙulashe ya faɗi adadin da ya ci daidai ba, kuma duk wanda ya ce uku ya ci, a ninka.

Masana sun gindaya wa lomar sharuɗɗa kafin ta inganta. Dole ta shiga baki a tashi ɗaya. Wadda sai an gatsa sau biyu ta fita daga babin maƙulashe ta koma babin abinci, kuma mai ci yana da damar ya ƙi ta. Dole yatsu biyu su iya ɗaukarta, ɗaya hannun yana riƙe da kofi ko rimot. Sharaɗi mafi nauyi kuwa, kada a gane ta. Da zarar yaro ya ɗaga loma ya ce, «Mama, ba talotalon jiya ba ne?», aikin ya ɓaci, sai a sake sabon lale.

Akwai abokan gaba biyu da ɗalibi zai sani. Na farko bushewa. Naman cinya yana da duhu saboda sinadarin mayogulobin da tsokar da ke aiki take tarawa, yana kuma da maiƙo, don haka yana jure kwana. Naman ƙirji fari ne, ba kitse, tun a tanderu ya fara bushewa, kwana ɗaya a firji kuma ya ƙarasa. Abin takaici, cinya ita ake fara cinyewa a gidajen masu hankali, ƙirjin nan da aka ɓata shekaru ana faɗaɗawa shi ke kwana. Na biyu shi ne ɗan ƙarnin nan na naman da aka ɗumama. Masana kimiyyar abinci sun bi diddiginsa tun shekarun 1950: ƙarfen da ke cikin dafaffen nama ne ke taimaka wa iska ta lalata maiƙonsa, kuma naman tsuntsaye ya fi saurin kamuwa. Maganin duka biyun abu uku ne a haɗe: maiƙo don ya rufe bushewa, tsami ko yaji don ya danne ƙarni, da wani abu mai ƙaras-ƙaras don ya ɗauke hankalin haƙori. Duk wani girki da za ka gani a wannan babi, waɗannan ukun ne aka sauya wa riga.

Daga nan mazhabobi suka rabu.

Mazhabar burodi ita ce mafi yawan mabiya. Ana sayen ƙananan burodi masu laushi da ke zuwa a manne, goma sha biyu a leda. Ba a raba su; a tsaga su gaba ɗaya ta tsakiya, a shimfiɗa naman, a ɗora cuku, a shafa miyar kiranberi, a mayar da murfi, a shafe saman da narkakken bota da tafarnuwa, a sa a tanderu mai zafin digiri 175 na kamar minti 15, sannan a yanka. Raunin wannan mazhaba shi ne naman yana leƙowa ta gefe, mai ido zai gane shi. Mabiyanta sun amsa da cewa cuku idan ya narke yana rufa asiri. Amsar tana da ƙarfi, amma ta dogara ga yawan cukun.

A nan ne aka yi saɓani mai tsanani kan kiranberi, wasu 'ya'yan itace jajaye masu tsami da ake nomawa a fadamun Wiskonsin da Masacusets. Wasu sun ce sai wanda aka dafa a gida da sukari da ɓawon lemo. Wasu sun ce na gwangwani, irin na Ocean Spray, ƙungiyar manoman da aka kafa a 1930, wanda idan aka juye shi yake fitowa a tsaye da siffar gwangwanin, har da zanen jikinsa. An ɓata zumunci a kan wannan. Mu a namu binciken, ranar Alhamis na gida ya fi daraja, ranar Asabar kuwa na gwangwani ya fi amfani, domin yana yankuwa fale-fale kuma ba ya zuba a riga.

Mazhabar suya ta fi zurfin ilimi, ita muka fi karkata gare ta. A daddatsa naman ƙanana, a haɗa da ragowar dakakken dankali da ragowar cushe, a fasa ƙwai ɗaya ya riƙe su, a mulmula kamar girman ƙwan zabuwa. Idan haɗin ya yi ruwa a ƙara gari kaɗan. Idan ya bushe a zuba cokali biyu na romo. A sa a firji rabin awa ya kama jikinsa, wanda ya tsallake wannan mataki zai ga ƙwallayensa sun tarwatse a mai, kuma laifinsa ne. Sannan a birkiɗa a fulawa, a tsoma a ƙwai, a birkiɗa a garin busasshen burodi, a soya a mai mai zafi har su yi ja. Romon da ya rage a ɗumama shi ya zama abin dangwale. Dubi hikimar: ragowa huɗu sun shiga, sabon abu ɗaya ya fito, kuma babu wani shaida da zai iya tsayawa ya ce ya gane ɗaya daga cikinsu.

Akwai mazhabar naɗi, ta waɗanda suka rantse ba za su sake kunna wuta ba sai Disamba. A shafa cuku mai laushi a kan faifan burodin Meziko, a barbaɗa nama da ganye, a naɗe tamau, a sa a firji awa ɗaya, a yanka ƙawanya-ƙawanya. Malalata ne suka kafa ta, amma ba a kama ta da kuskure ba.

Sai samosa. A soya albasa da citta da tafarnuwa da kori da attaruhu, a juye naman a ciki minti biyu kacal, a ƙunsa, a soya. A Ingila, inda talotalo na Kirsimeti ne, sun daɗe da gano cewa kori shi ne makomar ragowarsa. Ta fuskar ɓad da kama babu mazhabar da ta kai wannan, domin bayan attaruhu ya yi aikinsa, ko mai kiwon tsuntsun ba zai shaida shi ba. Tanbihi ga Musulmin da ke zaune a Amurka: da yawa daga littattafan girkinsu suna cusa naman alade a waɗannan lomomi don neman maiƙo da gishiri, sai a tambaya kafin a miƙa hannu, cuku ko soyayyiyar albasa suna toshe gurbin.

Wata mas'ala da ake yawan kawowa: shin talotalo ne ke sa barci? Jama'a sun ɗora laifin a kan wani sinadari mai suna tiriftofan. Sinadarin yana nan, amma bai fi wanda ke cikin kaza ba. Abin da ke kwantar da mutum shi ne faranti uku na dankali da burodi da zaƙi. An zalunci tsuntsun yana raye, an yi masa ƙazafi yana mace. Wanda ya tsira kawai shi ne wanda shugaban ƙasa ke yi wa afuwa a Fadar White House kowace shekara, al'adar da Joj Bush babba ya tabbatar a 1989, kuma wannan ba ya cikin bincikenmu tunda ba ya barin ragowa.

Yanzu babin lokaci, wanda ba a wasa da shi. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce dafaffen nama kada ya wuce awa 2 a waje. Tsakanin digiri 4 da digiri 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, teburin falo kuma a tsakiyar wannan yake. A zare naman daga ƙashi tun daren Alhamis, a zuba a mazubai marasa zurfi don sanyi ya ratsa shi da wuri. Tsuntsu guda da aka tura firji da ƙashinsa cikinsa kan daɗe da ɗumi. A firji kwana 3 zuwa 4 ne iyakarsa, wato Litinin. Abin da za a ɗumama ya kai digiri 74 har tsakiya. Tiren maƙulashen ma dokar awa 2 ta hau kansa. Kuma a kiyaye wani kuskure da ya yaɗu: wasu na ɗauka cewa idan an mayar da nama samosa ranar Lahadi, lissafin kwanaki ya koma farko. Bai koma ba. Ɓad da kama yana yaudarar suruki, ba ya yaudarar ƙwayar cuta. Wanda ya ga ba zai cinye ba ya sa a firiza tun da wuri, inda naman zai yi watanni lafiya, kuma inda a al'ada ake mantawa da shi sai an zo neman wurin ajiye na baɗi. Ga wanda abin ya rikice masa, kamfanin Butterball yana da layin waya tun 1981 da ƙwararru ke amsa tambayoyin talotalo kaɗai a lokacin bukukuwa, wanda ya isa hujja cewa fannin nan ba ƙirƙirarmu ba ce.

Ƙashin kuwa a tafasa shi da albasa da karas a yi romo, babu saɓani a kai.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, idan tafiya ta kai ka Amurka a ƙarshen Nuwamba, aka gayyace ka gida, aka miƙo maka tire cike da ƙananan abubuwa masu tsinke a ka, kada ka tambayi mene ne a ciki, tambayar rashin ladabi ce kuma ka riga ka san amsar. Ka lissafa kwanaki daga Alhamis. Idan Asabar ce ko Lahadi, ka ci ka yaba wa uwargida. Idan Talata ce, ka ce likita ya hana ka nama.