Bafulatanin Mubi ya ɗaure mota a turke

Zuwa ga bawana Ardo na Mubi, daga ubangidanka Babarbare. Ina gajiya, ina iyali, ina shanu? Ban tambayi lafiyar a-kori-kurarka ba, don labarinta ya riga ka isowa Yerwa, wato Maiduguri.

An ce da damina ta kankama ka kai tsohuwar Peugeot 504 ɗin nan gindin bishiya, ka ja birkin hannu har ƙarshe, ka yi tafiyarka. A tunaninka saniya ce, in ba a ɗaure ta a turke ba za ta bi dare ta Sahuda ta shige Kamaru. Da ruwa ya ɗauke ka zo za ka kai dusa tike, inji ya tashi lafiya lau, tayoyin baya suka ce ba inda za su. Wai sai ka ɗauko sanda!

Ajiye sandar, ka saurari na gaba da kai. Motar nan ba ta da laifi. Irinta ce kamfanin PAN, wanda ya fara aiki a Kaduna a 1975, ya yi ta harhaɗawa, kuma ta sha kayan da ya fi naka nauyi. Birkinta na baya kwano ne na ƙarfe, da takalma biyu a ciki masu buɗewa su danne shi. Kai kuwa ka gama ratsa laka da ita a bakin kogin Yedzaram, ka bar takalman a danne wata da watanni. Danshi ya shiga, tsatsa ta liƙe su.

Kada ka taka mai da ƙarfi, za ka ƙona kuloci a banza, ko fatar takalmin ta ɓamɓare. Sa duwatsu gaba da bayan tayoyin gaba, ka saki birkin hannu, ka ɗaga bayan da jak, ka tokare da kututture mai ƙwari, domin jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. Cire taya, ka riƙa bubbuga fuskar kwanon da guduma kana zagayawa. A hankali, Ardo, ba dukan ɓarawon shanu ba. In ka ji ƙas, tsatsa ta saki. In kwanon ya ƙi fita, a sassauta abin da ke saita takalman, a ɗiga man sassauta tsatsa a tsakiya inda ya kama. Kada man ya taɓa takalmi, kuma man shanu ba ya cikin lissafi.

In kwanon ya fito, kada ka hura ƙurar ciki da baki, tana da illa ga huhu. Goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Goge tsatsar kwanon da samfefa. Duba ƙaramar silindar da ke tura takalman: in tana yoyon man birki ko ta daskare, a canza ta, a fitar da iska daga bututu. Duba wayar birkin hannu, sau da yawa ita ce ke maƙalewa. Takalmi kuma in za a sauya, a sauya na dama da na hagu tare. Na san ka, za ka ce ɗaya ya isa, ga garke ya cika ruga amma kuɗin bakanike na yi maka ciwo.

Baɗi in za ka ajiye ta, sa ta a giya, ka tokare tayoyi da dutse, ka bar birkin hannu a sake, ka riƙa motsa ta lokaci-lokaci.

Wannan karatu ba kyauta ba ne. Ka aiko da ƙwaryar kindirmo a motar farko mai zuwa Maiduguri, kuma in watan cika-ciki ya kama, kuɗin shara na bana ninki biyu ne.