Hutun Ɗalibi a Tsibirin Buyukada

Buyukada shi ne mafi girma cikin Tsibiran Yarimomi da ke tekun Marmara, kusa da Istanbul. A zamanin daular Rumawa, can ake jefa 'ya'yan sarautar da aka yi fushi da su. Yau kuwa ɗalibi mai aikin wucin gadi a birni shi ke biyan kuɗin jirgin ruwa ya kai kansa ranar Asabar. An hana motocin gida, an soke keken doki a 2020, saboda haka yakan yi hayar keke, ya tura shi da hannu har tudun Aya Yorgi yana haki. Gasasshen kifi ɗaya kan lashe albashin mako. Hotunan da ya tura gida kuma su ke jawo masa jerin buƙatun dangi kafin Litinin.