Bakin Wannan, Kunnen Wancan

Na san ku, 'yan fadar shayi na Magariya. Ban gama ajiye akwatin ba wani ya ce, "To, malam ya dawo da kwamfutarsa mai ban ruwa." Kawu kuwa, da ya tsufa cikin noman rake a fadamar Korama, ko uffan bai ce ba, gemu kawai ya shafa. Wannan shafar ta fi zagi ciwo.

Ku miƙo kofi na biyu ku ji. Abu biyu ne a cikin akwatin. Babbar ita ce Raspberry Pi, kwamfuta sukutum mai faɗin katin shaida, 'yar Ingila, ta fito a 2012. Ƙaramin shi ne Arduino, ɗan Italiya, ya girme ta, tun 2005 yake. Ita ce uwar ɗaki: ta iya lissafi, ta san intanet, amma ba ta iya taɓa ƙasa ta gane jiƙe take ko bushe. Shi ko yaronta, irin wanda ake kira Uno, abin da yake riƙewa a ka lokaci guda kilobait 2 ne, ko hoton budurwarka ba zai shiga ba. Amma soka masa ma'aunin danshi a gindin albasa, zai faɗi lamba tsakanin 0 da 1023, in an ce kunna famfo ya kunna.

"Da Hausa suke magana ko da Faransanci?" Ka yi dariya, aboki, amma tambayar ta yi. Waya uku ke tsakaninsu. TX baki ne, RX kunne, ta uku ita ce ƙasar da suke takawa tare. Bakin wannan ake kaiwa kunnen wancan. Ka haɗa baki da baki, ka shirya faɗan kishiyoyi, kowa na faɗi ba mai ji. Saƙon kuma ɗai-ɗai yake wucewa, kamar awaki a ƙofar garke, sai an yi yarjejeniyar sauri. In ita tana kan 9600 shi yana kan 115200, abin da zai fito a allo ko boka ba ya karanta shi.

Tunda kun matsa, e, na taɓa ƙona ɗaya. Arduino da volt 5 yake magana, kunnen uwar ɗaki 3.3 yake ɗauka, ni kuwa na haɗa su kai tsaye. Ta mutu ba ko shure-shure. Yanzu da wayar USB nake haɗa su, ita ma da nata hali: da an buɗe layi yaron sai ya sake farkawa, duk aiken da aka yi masa kafin daƙiƙa biyu iska ta kwashe. Sai an yi sallama an jira, kamar gidan surukai.

Baƙonmu na Dungas ya ce wannan sai Turai. Haba! Abdou Maman Kané ɗan Nijar ne, shi ya ƙirƙiro ban ruwa da salula, har ya karɓi babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. Ba da guga ya ciyo ta ba.

Nan ne Kawu ya gyara zama.

"Ɗana, na ji ya san ƙishin albasa. In akuyar maƙwabci ta ƙetare darni, wace lamba zai aiko?"

Na ce a zuba shayi na uku tukuna.