Yadda za ka raba waƙar gargajiya murya huɗu ba tare da ka kashe ta ba

Malam kwayamasta, tunda ka rantse sai kwayar unguwarku ta rera waƙar gida da murya huɗu, zauna mu yi shawara kafin ka sayi alli.

Kada zuciya ta ɗebe ka zuwa Bakandamiyar Shata a makon farko. Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa da ya rasu a 1999, nan take yake ɗinka baiti, kalangu na biye da shi, kuma yadda ya yi jiya ba lallai ya yi haka yau ba. Mutum arba'in masu leƙen takarda ba za su kamo shi ba ko da gudu suke. Abin ɗauka a wurinsa shi ne tsarin: mutum ɗaya ya bayar, jama'a su karɓa. 'Yan amshi ai kwaya ce tun kafin a kawo allo.

Nemi waƙa mai labari da gajeren amshi, irin ta gaɗa ko ta niƙa ko ta daɓe. Je wurin tsohuwar da ta san ta, da goronka a hannu, ka ce, "Iya, a taimaka mana." Za ta rera maka sau uku, kala uku. Kada ka tambaye ta wacce ce daidai, duka daidai ne, kuma tambayar za ta ja maka harara.

Yanzu ga inda ake yin ɓarna. Rubutun do-re-mi da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, 'yan mishan suka shigo da shi ƙasar nan, kayan aiki ne mai kyau. Sai dai ƙa'idar da ake koyarwa tare da shi tana son in murya ɗaya ta hau, wata ta sauka. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya na cikin ma'anar magana. In soprano ta ɗaga gaɓa, tenor ya danne ta a lokaci guda, mai sauraro zai ji daɗi a kunne amma labarin ya ɓace masa. Saboda haka bar alto da tenor su bi soprano kafaɗa da kafaɗa, inda ta hau su hau. In sun matsa sai sun yi nasu, ba su gunguni da baki a rufe.

'Yan bass fa? A kowace unguwa akwai dattijo ɗaya da in ya buɗe baki kwanon rufi sai ya amsa. Kada ka kore shi, albarka ce. Ba shi aikin ganga, ya riƙe kiɗan da maƙogwaro, a sa tulu da gora kusa da shi don kada ya yi gaba ya bar mutane.

In ka ƙyalla ido kan waƙar Karen Mota ta Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tuna shi kaɗai yake rerawa da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Bar labarin a bakin mutum ɗaya mai fitar da kalma tar, sauran su jira wurin shiga. Kuma waƙa da mai ita, nemi yardar magada tukuna.

Guɗa kuma kada ka rubuta mata wuri a takarda. Matar da za ta rangaɗa ta ta fi ka sanin lokaci, kuma ko ka hana sai ta yi.