Daren da Kwastomomina Suka Haɗu a Zaure Ɗaya

Sana'ata zane a kwamfuta: katin ɗaurin aure, fastar 'yan siyasa, sitikar masu turaren wuta da yajin daddawa. Ba ni da shago, ba ni da yaro. Ni ne oga, ni ne ɗan aike, ni ne kuma mai bin bashi, wanda shi ya fi cinye mini yini. Ofishin gaba ɗaya yana aljihuna, wata waya ce mai tsagaggen gilashi da na saya a Farm Centre. Duk wanda ya taɓa tambayata nawa nake yin kati yana cikinta, ko da bai sake cewa uffan ba. Akwai Alhaji Fasta, akwai Alhaji Fasta na Biyu, akwai Hajiya Turare, akwai kuma wani da na sa wa Kar a Ɗauka, har na manta laifin da ya yi mini. WhatsApp Business yana bari ka liƙa wa kowa alama mai launi: sabon zuwa, wanda ya biya, wanda kake bi. A wayata launi ɗaya ne ya yi rinjaye, ba sai na faɗa ba.

Farkon 2023 ya haɗa mana zaɓe da canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, kowa ya koma tiransifa. Mai cewa ba shi da canji ya samu sabon karatu: "Wallahi na tura, netwok ne." In ka nemi kafin alƙalami a ce, "Haba Malam, tsakaninmu?" Aka yi zaɓen shugaban ƙasa ran 25 ga Fabrairu, na gwamnoni da majalisun jihohi ran 18 ga Maris, sai masu fastata suka rabu gida biyu. Wanda ya faɗi ba shi da kuɗi, wanda ya ci ba shi da lokaci.

Azumi ya kama, aljihu fayau. Ƙanena, wanda ke ganin ya fi ni sanin zamani, ya ce, "Yaya, matsalarka ba ka bibiyar kwastoma. Bayan Sallah bukukuwa ne, tun yanzu za ka tuna musu kana raye." Ya ce akwai hanyar tura saƙo ɗaya ga mutum 256 a tashi guda, kowa ya samu nasa daban, ba mai ganin wani. Sharaɗin kawai, sai wanda ya ajiye lambarka saƙon zai isa gare shi. Na miƙa masa wayar na tafi asham.

Ashe yaron ya zauna ya yi lissafi: wanda ake bi bashi ai ba ya ajiye lambar mai binsa. Don kada saƙo ya tafi a banza, sai ya buɗe guruf, ya kwashe kowa da kowa ya zuba, ya sa hotona a goshi, ya raɗa masa suna Kwastomomin Yaya.

Na dawo na tarar da waya ta ɗau zafi. Da farko abin da sauƙi. Wani ya tambayi wa ya sa shi a nan, wata ta fara tallar atamfa, wani dattijo ya turo addu'ar buɗa-baki bayan an sha ruwa da awa uku. Sai wata baiwar Allah ta jefo tambayar da ta tsinka mini hanji: "Don Allah shi kati ɗari nawa ya yi muku?" To ni farashina yakan duba motar da mutum ya zo da ita. Nan take mai babur ya faɗi nasa, mai jif ya faɗi nasa, mai jif ya ce zai neme ni. Alhaji Fasta da Alhaji Fasta na Biyu, waɗanda kujera ɗaya suka nema a jam'iyyu daban, suka gano cewa gadar sama ɗaya na sa a bayan kowannensu.

Duk wannan wasa ne. Akwai wani Alhaji da ya ba ni aikin katin ƙarin auren da za a ɗaura mako biyu bayan Sallah, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, daga ni sai kai sai Allah." Uwargidansa kuwa ita ce Hajiya Turare, tsohuwar kwastomata mai biya a kan kari. Alhaji bai san bambancin guruf da hirar mutum biyu ba. Ya ga hotona, ya danna, ya saki murya ƙasa-ƙasa: "Malam, a gyara sunan amarya, an bar harafi ɗaya. Kuma kar ka turo da daddare, ina gida."

Kafin in lalubo inda ake gogewa, rabin zauren ya saurara. Mai atamfa ta daina talla. Can sai ga Hajiya da layi ɗaya: "Allah ya sanya alheri." Dattijon nan mai addu'a ya amsa da amin.

Guruf ba ya rushewa sai ka fitar da mutane ɗaya bayan ɗaya, haka na kwana ina korar kwastomomina da ɗan yatsa, ƙanena yana gefe yana cewa ai ko ba komai an san da mu. Bayan sahur wayar Hajiya ta shigo. Na yi bismilla na ɗauka.

"Malam, an tashi lafiya? Kalanda nake so da jaka, na rabon biki. Hotona a tsakiya, babba. Na amarya ka sa shi can ƙasa, inda kake sa lambar wayarka."

"To Hajiya, maganar kuɗi fa?"

"Ka haɗa da na katin. Alhajinku zai biya."

Na kira Alhaji na faɗa masa jimilla, na ɗan ɗora wani abu saboda kwanan zaune. Mutumin da kan yi rabin awa yana neman ragi bai ce komai ba, ko netwok bai ambata ba, sai ga alat. Ƙanena ya leƙo ta kafaɗata ya ga adadin.

"Yaya," ya ce, "nawa ne kasona?"