Gwangwanin Wake a Chernarus

An ce mini a wasan DayZ, wanda kamfanin Bohemia Interactive ya yi, gawawwaki masu yawo ne abin tsoro. Ina! Tun da na tsinci kaina a bakin tekun Chernarus, ƙasar da ke cikin wasan, daga ni sai riga da wando, yunwa ce ta fara yi mini sallama. Awa biyu ina bin kangwaye, sai ga gwangwanin wake. Ba mabuɗi, ba wuƙa.

Ina cikin jujjuya shi wani ɗan wasa ya iso, har da gaisuwa ta makirufo. Na amsa da ladabi. Ya harbe ni, ya ɗauke waken.

Su kuwa gawawwakin, bayin Allah, ƙofa kawai na rufe musu suka tsaya a waje suna gurnani. Fatana dai wanda ya harbe ni shi ma ba shi da mabuɗi.