Hular da Ta Fi Ƙarfin Shafin Gwamnati

Sanarwa ta fito cewa kowane ma'aikaci ya sabunta bayanansa a shafin intanet na wata hukuma, ya ɗora hoton fasfo, wanda bai yi ba kada ya sa ran albashi a ƙarshen wata. Da jin batun hoto na ciro shaddata mai aiki, na kafa zanna bukar, na jingina da farin bango, autana ya ɗauke ni da wayar da mai shago ya rantse mini kyamararta megafiksel 50 ce. Hoto ya fito tar, har furfurar gemuna ana iya ƙirgawa.

Na ɗora, shafi ya yi ta juyi, can sai ga jan rubutu: kada hoto ya wuce kilobait 50. Nawa kuwa megabait 4 ne da ɗoriya. Tunda megabait ɗaya kilobait 1,024 ne, ashe na ninka abin da gwamnati ke iya ɗauka fiye da sau 80.

Abokin aikina ya ce in ɗauki hoton fuskar wayar, zai yi sauƙi. Wayata ta ajiye shi a tsarin PNG, wanda ba ya zubar da komai, nauyi na nan daram, ga kuma alamar batirina da ya kusa mutuwa a saman hulata.

Wani ya ce WhatsApp na matse hoto da kansa. Na tura wa uwargida, na rubuta ta dawo mini da shi. Sai ga ta tsaye a kaina da ludayi a hannu.

"Malam, wannan kwalliyar ta wace ce? Ko kuskuren lamba aka yi?"

Na rantse na gwamnati ne. Ta ce ba ta taɓa jin an yi wa gwamnati karin hula ba. Hoton ya dawo ya rame, amma har yanzu ya haura kilobait 100, tuwon dare kuwa ya zo ba man shanu.

Na sauke wata manhajar matse hoto, na ja ma'aunin inganci har ƙasa. Kilobait 9! Sai dai fuskata ta farfashe gida-gida kamar gurbin dara, hanci ya haɗe da kumatu. Na ce ko a haka ne su karɓa. Shafi ya ce kada kuma ya gaza kilobait 20.

Washegari na nufi kafe. Yaron da ke wurin, wanda a haife na haife shi, ya kalli hoton ya yi murmushi.

"Baba, hularka ce da aikin rigarka ke cinye kilobait ɗin."

Ya ce tsarin JPEG yana yanka hoto ƙananan gidaje, fiksel 8 tsaye 8 kwance, ya zubar da abin da ido ba ya lura da shi. Farin bango kusan kyauta ne, amma kowane zaren surfani sai an biya masa wuri. Ya yanke rigar daga kafaɗa, ya rage faɗin hoton zuwa fiksel 400, sannan ya ɗan sassauta inganci. Kilobait 38, kuma ni ne sak. Kafin in gyara zama shafi ya karɓa. Na biya yaron, na ƙara masa na lemo don ya rufa mini asiri.

Mai karatu, in irin wannan ta same ka, fara yanke gefen hoto, ka rage faɗi da tsawo, sannan ka taɓa inganci, ka ajiye shi a JPEG, ka kuma adana na asalin. Su kuma masu gina shafukan hukumomi, don Allah ku sa na'urarku ta riƙa matse hoton da kanta, tun kafin ku kashe wa wani aure.